Akwatunan Wasa Masu Cin Kwandala: Yadda Suke Mutuwa, da Yadda Ake Raya Su

A bakin kogin Dee, kusa da garin Mostyn a arewacin Wales, akwai wani tsohon jirgin ruwan fasinja mai suna Duke of Lancaster da aka jawo kan tudu a 1979 aka mayar da shi wurin shaƙatawa. Kasuwar ba ta yi nisan kwana ba, aka garƙame ƙofofi. Cikin kayan da aka bari har da injinan wasan bidiyo kimanin 50, irin waɗanda ake jefa wa kwandala, suna tsaye cikin duhu da iskar teku kusan shekara 30. A farkon 2012 wasu masu tara irin waɗannan injina suka daidaita da masu jirgin, suka kawo injin ɗaga kaya, aka riƙa sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai san harkar ba zai ce an sha wahala a kan tarkace. Su kuwa masu sauko da kayan sun san cewa samun injinan da ba wanda ya taɓa su tun zamaninsu, babu wanda ya sake musu fenti ko ya sauya musu kayan ciki, abu ne da ba ya faruwa sau biyu a rayuwar mutum.

Injin da ake magana a kai akwati ne na katako, tsayinsa ya kai na mutum, nauyinsa kan kai kilo 100 ko fiye. Can sama akwai allon suna da fitila a bayansa. Ƙasa da shi gilashin talabijin, sai ɗan teburi mai sandar sarrafawa da maɓallai, sai ƙofar ƙarfe mai ramin jefa kuɗi. Wasa ɗaya tak ne a ciki. Wanda ya san gidan gem inda yara ke biya su buga ƙwallo a PlayStation ya san rabin labarin. A nan dai babu mai karɓar kuɗi, injin ne ke karɓa da kansa, kuma shi ke yanke lokacin da kuɗinka ya ƙare.

Na farko da ya shiga kasuwa shi ne Computer Space na 1971, aikin Nolan Bushnell da Ted Dabney a Amurka. Bai samu karɓuwa sosai ba. A 1972 suka kafa kamfanin Atari, injiniyansu Al Alcorn ya haɗa Pong, aka kai na gwaji wata mashaya a garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya. Ba a jima ba aka kira shi wai injin ya lalace. Da ya buɗe sai ya tarar kwandaloli ne suka cika mazubin har suka toshe hanya. Daga nan ƙofa ta buɗe: Space Invaders daga kamfanin Taito na Japan a 1978, Asteroids na Atari a 1979, Pac-Man na Namco a 1980, Donkey Kong na Nintendo a 1981.

Wancan mazubin da ya cika shi ne dalilin ƙera injinan gaba ɗaya. Kayan neman kuɗi ne. Mai sayensu ɗan kasuwa ne da ke zuba su a mashaya da gidan abinci da zauren wasa, ya riƙa zagayowa da mabuɗi yana kwashe tsaba suna rabawa da mai wurin. In ka buɗe ƙofar ƙarfen za ka ga wata 'yar mita mai lambobi masu juyawa. Duk kwandalar da ta faɗa sai ta ƙara ɗaya. Ita ce alƙalin injin. Muddin tana gudu, zamansa ya tabbata. Ranar da ta fara jan ƙafa, don yara sun gaji da wasan ko wani sabo ya fito, mai injin zai fara lissafin filin da akwatin ya tare masa. Injiniyan da ya zauna yana tsara akwati a 1981 bai da dalilin damuwa da abin da zai same shi bayan shekara 40. Ya ci kasuwarsa ta 'yan shekaru, shi ke nan.

Wasu an watsar da su a juji, wasu an jibge su a sito an manta. Amma babbar ɓarnar da masu tarawa ke kuka da ita a yau daga tattalin 'yan kasuwa ta fito. Akwatin da talabijin ɗinsa suna nan lafiya, wasan ne kawai ya tsufa, shi kuwa yana zaune ne a kan fanel ɗin lantarki. To me zai sa a sayi sabon akwati? Sai a zare tsohon fanel a sa na sabon wasa, a bi zanen gefe da baƙin fenti, a liƙa sabuwar sitika. A tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan, JAMMA, ta tsayar da soket iri ɗaya mai haƙora 56, ta yadda fanel ɗin kowane kamfani zai shiga kowane akwati da aka yi wa wayoyi a kan wannan tsarin. Sauya wasa ya koma aikin ɗan lokaci. Da Street Fighter II ya fito a 1991 yana neman maɓalli 6 ga kowane ɗan wasa, sai aka bi teburan tsofaffin akwatuna da injin huda ana ɓula musu ramuka. Shi ya sa gwanin tarawa, in ya ga baƙin akwati a lungun sito, ba ya bi ta kan sunan da ke sama. Yankan gefen yake dubawa, da irin ƙofar kwandalar, da lambar da aka buga a baya. Wani lokaci ya karce fentin kaɗan a wata kusurwa, ya ga ko rawaya ko shuɗi zai leƙo daga ƙarƙashi.

Kamfanonin ma sun yi wannan dabarar da hannunsu. Reshen Nintendo na Amurka ya yo odar wani wasa mai suna Radar Scope guda 3,000, aka sayar da kusan 1,000, sauran suka yi kwantai a sito. Aka ba wani matashin ma'aikaci, Shigeru Miyamoto, aikin ƙirƙiro wasan da za a cusa a cikin waɗannan akwatunan. Abin da ya fito da shi shi ne Donkey Kong. Akwatunan Radar Scope na farko jajaye ne, Donkey Kong da aka ƙera daga baya kuma shuɗaye, don haka jan Donkey Kong a yau abin nema ne ruwa a jallo. Wato abin da ake tsada a kansa yanzu shaidar asarar da kamfani ya kusa tafkawa ne.

Haka abin yake kusan ko'ina a wannan harka. Wasan da ya yi suna an ƙera shi da yawa. Asteroids kaɗai ya kai wajen 70,000, kuma har gobe ana samunsa. Wanda ya yi wuyar samu galibi shi ne wanda aka kai gwaji yara suka juya masa baya, ko wanda ƙasar da ta ƙera shi ta wargaje. Jamus ta Gabas ta yi nata injin, Poly-Play, a tsakiyar shekarun 1980. 'Yan kaɗan ne suka rage, ɗaya yana gidan tarihin wasannin kwamfuta da ke Balin. Tarayyar Sobiyat ta ƙera nata a masana'antun da ke yi wa soja aiki, kuma a 2007 wasu matasa suka buɗe musu gidan tarihi a Mosko, inda ake ba baƙo tsofaffin kwandalolin kobek 15 ya jefa, don injinan ba su san wani kuɗi ba sai shi.

To an samu injin, an kai shi gida. Nan aikin yake farawa, domin abin da ido ke gani a matsayin akwati ɗaya abubuwa ne daban-daban, kowanne da irin tasa mutuwar da kuma lokacinta.

Katako ne mai sauƙin bayani. Wasu kamfanoni sun yi amfani da filawud, wanda ke jure wahala, wasu kuma da katakon dusa da aka matse da gam. Shi wannan na biyun ruwa ne ajalinsa. Akwati ya yi shekaru a kan simintin gareji mai danshi, ko ana wanke daɓe ruwa na taɓa ƙafarsa, sai gindin ya sha ya kumbura, in ka matsa da yatsa ya marmashe. Kafinta zai iya yanke ruɓaɓɓen ya dasa sabo. Matsalar ita ce zanen da ke gefe, wanda aka buga a kan katakon ko aka liƙa masa. In ka taɓa katakon ka taɓa zanen, kuma shi ne fuskar injin.

Talabijin ɗin ne ke hana masu tarawa barci. Irin tsohuwar nan ce mai doro, wadda hotonta ke fitowa daga wani tulun gilashi da aka zuƙe wa iska. A wuyan tulun akwai abin da ke harbo siririn zaren lantarki, a fuskarsa ta ciki kuma an shafa wani sinadari da ke haske duk inda zaren ya taɓa. Maganaɗisu ne ke karkata zaren, yana share fuskar layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sau 60 a daƙiƙa guda, ido ya haɗa su ya ga hoto. Don zaren ya isa fuskar da ƙarfi ana buƙatar wuta mai kai bolt 20,000 ko sama da haka, kuma tulun na iya riƙe wannan cajin bayan an zare soket. Shi ya sa darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne sauke caji: a ɗaura waya a jikin sukundireba, a maƙala ɗaya bakin wayar a ƙarfen firam, a sa hannu ɗaya a aljihu, a zura bakin sukundireban ƙarƙashin robar da ke manne a bayan tulun har a ji ƙarar tas. Duk tsohon mai gyaran talabijin a Kano ko Maraɗi ya san wannan ƙarar, kuma ilimin da ke hannunsa shi ne ainihin wanda ake nema a wannan fage.

Yawancin cututtukan talabijin ɗin suna da magani. Ƙananan kafasitoci suna da ruwan sinadari a ciki wanda zafi da shekaru ke busarwa. In sun bushe hoto ya riƙa rawa, ko ya lanƙwashe ta sama, ko launi ya dushe. Ana sayar da su ƙunshi guda na kowane samfurin talabijin, mutum ya zauna da dalma ya cire tsofaffin ya liƙa sababbi. Taransifomar da ke haɗa babbar wutar takan tsage ta riƙa tartsatsi, ita ma ga sanannun samfura ana samun madadinta. Abin da ba shi da magani shi ne tulun kansa. Sinadarin fuskar yana ƙonewa a duk inda hoto ɗaya ya daɗe a tsaye. Ka kashe tsohon injin Pac-Man, za ka ga layukan gidan wasan sun zauna daram a kan gilashin, launin toka-toka, don sun shekara da shekaru suna haske a wuri guda daga safe har dare. Kuma masana'antun da ke yin irin wannan tulun duk sun rufe. Abin da ya rage a duniya shi ne abin da ake da shi. Don haka masu gyara ke bin tsofaffin talabijin na gida da mutane ke zubarwa, su ciro tulun da bai ƙone ba, su duba ko wuyansa da naɗin wayarsa sun dace, su dasa shi a injin.

Mai tambaya zai ce, me ya hana a sa shafaffen gilashin zamani a huta? Ana sawa, kuma wuraren kasuwanci da yawa sun sa. Sai dai an zana hotunan wasannin nan ne da sanin cewa tulu zai ɗan narkar da gefen kowane ɗigo ya haɗe shi da maƙwabcinsa. A gilashin zamani sai su fito da kaifin kusurwa, ba yadda mai zanen ya gan su ba. Gilashin zamani kuma yakan ɗan jinkirta hoto kafin ya nuna, jinkirin da mai kallon fim ba zai lura da shi ba amma gwanin wasa zai ji shi a yatsunsa. Akwai kuma inda musanyar ba ta yiwuwa sam. Bindigar wasanni irin su Time Crisis na 1995 tana gane inda ka auna ne ta hanyar lura da daidai lokacin da zaren lantarki ya gifta ta wurin. In babu zare mai shara, bindigar ta makance. Asteroids da Tempest da Star Wars na 1983 kuwa ba sa shara layi-layi ma. A cikinsu zaren na tafiya ne kai tsaye daga wannan ɗigo zuwa wancan yana ja layi, shi ya sa harsashin Asteroids ke walƙiya da hasken da ke sa mutum ƙifta ido. Irin waɗannan talabijin ɗin ba a taɓa yin su don gidaje da yawa ba, saboda haka babu jujin da za a je a tsinto su, kuma masu launi daga cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen ƙona kayansu tun suna sababbi.

Sai fanel. Wasan kansa, wato umarnin da ke gaya wa injin abin da zai yi da hotuna da sautuka, yana ajiye ne a cikin wasu aisi baƙaƙe da ke jere a kan fanel. Da yawansu suna da 'yar taga ta gilashi a baya da aka rufe da sitika, domin haske mai ƙarfi irin na cikin hasken rana yana goge abin da ke ciki. Bayanin yana zaune ne a matsayin ɗan caji da aka kulle a wurare dubbai, kuma caji yana zurarewa a hankali. Wuri ɗaya ya sauya, sai ka ga hoto ya yamutse ko injin ya ƙi tashi. Maganin shi ne a ciro aisin tun yana da lafiya, a sa shi a na'urar karantawa, a kwafe abin da ke ciki a kwamfuta, a gwada da kwafin da wani ya ɗauka daga nasa fanel ɗin don a tabbatar sun zo ɗaya. In an yi haka, ko aisin ya mutu ana iya rubuta wani sabo. Wata cutar kuma batir ce. An liƙa ƙananan batura a kan wasu fanel don su riƙe maki da saitin mai injin. In sun tsufa sai su yi yoyo, ruwan ya bi siraran hanyoyin tagulla yana cinye su. Omega Race na 1981 ya shahara da wannan, har ya zama abu na farko da mai saye ke haskawa da tocila kafin a yi ciniki.

Akwai batirin da ya fi wannan mugunta, don da gangan aka sa shi. Street Fighter II ya sha satar fasaha. Jabun fanel ɗinsa sun cika kasuwannin duniya. Da Capcom, kamfanin da ya yi wasan, ya fito da sabon tsarinsa na CPS-2 a 1993, sai ya rikita umarnin wasan ta yadda ba ya karantuwa sai da mabuɗin sirri, ya ajiye mabuɗin a wata 'yar ma'ajiya da batir ne kawai ke riƙe da ita. Ɓarawo ya yi yunƙurin tonawa, mabuɗin ya goge. Dabarar ta yi aiki, jabun suka ɗauke. Amma batir ba ya tambaya ko ɓarawo ne ya zo ko shekaru ne suka wuce. Ranar da ya ƙare, fanel mai lafiya ƙalau zai wayi gari bai san komai ba, ka kunna sai fili mai launi ɗaya. A lokacin ana mayar wa kamfanin ya sake zuba mabuɗin a biya shi; da ya daina wannan hidimar, sai ya zama kowane fanel yana tafe da ranar mutuwarsa. Kamfanin Sega ma ya yi irin wannan a wasu injinansa. An ɗauki shekaru ana kokawa da kullen Capcom. A 2001 wasu masu bincike suka samu hanyar zaro umarnin bayan injin ya warware shi da kansa. A 2007 Nicola Salmoria da Andreas Naive suka gano lissafin kullen baki ɗaya. Sai a 2016 Eduardo Cruz da abokan aikinsa suka gano yadda ake mayar da mabuɗin cikin fanel ɗin da ya riga ya mutu, ya tashi a yadda kamfanin ya yi shi ba tare da an sauya masa komai ba. Shekara 23 ke nan tsakanin kulle ƙofar da samun cikakken mabuɗinta.

Shi wannan Salmoria, ɗan Italiya, shi ne ya fara sakin manhajar MAME a watan Fabrairun 1997. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta kwaikwayi tsohon fanel, aisi bayan aisi, ta yadda in aka ba ta kwafin wasan zai gudana kamar yana gidansa. Masu aikin sun sha faɗa cewa burinsu shi ne rubuta yadda injinan ke aiki don kada ilimin ya ɓace, buga wasan kuwa riba ce ta gefe. Dubban wasanni sun tsira ta wannan hanyar, kuma masu gyaran injinan gaske suna komawa ga bayanan MAME in fanel ya gagare su. Akwai dai ƙura a shari'ance, domin haƙƙin mallakar wasannin na hannun kamfanoni, wasunsu ma sun mutu an rasa takamaiman magajinsu.

Kwafi yana ceton wasa, amma akwai abin da ba ya shiga cikin aisi. A tsayayyen akwatin Space Invaders talabijin ɗin baƙi da fari ce, kuma ba ita kake kallo ba. Tana kwance a ƙasa tana kallon sama, wani madubi da ake gani ta cikinsa yana ɗauko hoton, a bayan madubin kuma akwai zanen duniyar wata da fitila ke haskawa. Sai ka ga dodannin suna shawagi a sarari a gaban zanen. Launin da ke jikinsu ma leda ce mai launi da aka liƙa a kan gilashin. A Q*bert na 1982, kamfanin Gottlieb ya ɗaura wani ɗan ƙarfe mai bugu a cikin akwatin; duk lokacin da ɗan wasanka ya faɗo daga dalar da yake tsalle a kai, sai ƙarfen ya doki katako ka ji kamar wani abu ya faɗi a gindin injin, kusa da ƙafarka. Wanda ya buga waɗannan a waya ya buga wasan, amma madubin da bugun suna can a jikin katako.

Nan ne masu tarawa da masu kwafa ke samun saɓani. Atari ya gwada wani wasa mai suna Akka Arrh a 1982, bai karɓu ba, aka ajiye shi. Akwatuna uku aka san sun rage, duk a hannun masu tarawa, kuma shekaru da yawa babu wanda ya saki kwafinsa. A 2019 kwafin ya ɓulla a intanet. Labarin da ya bazu shi ne wai wani mai gyara ne da aka kira aiki gidan ɗaya daga cikinsu ya kwafe a ɓoye, ko da yake akwai masu shakkar labarin. In gaskiya ne, cin amana ne, kuma ba ni da abin da zan kare shi da shi. Amma ɓangaren masu riƙewa ma hujjarsu ba ta da ƙarfi. Tsoronsu shi ne darajar kayansu za ta faɗi in kowa ya samu wasan, alhali mai biyan kuɗi mai yawa akwatin yake saye, ba lambobin da ke ciki ba. Wasan da ke zaune a fanel uku kacal a duniya, gobara ɗaya da ambaliya ɗaya da aisi ɗaya mai zurarar caji sun isa su shafe shi. Daga baya kamfanin da ke riƙe da sunan Atari ya saki wasan a hukumance cikin tarin Atari 50 a 2022.

Labarin Sky Skipper ya fi daɗin ji. Nintendo ya yi shi a 1981, gwajinsa bai yi kyau ba, aka mayar da fanel ɗinsa na wasan Popeye. Cikakken akwati ɗaya aka san ya rage, a ofishin kamfanin na Amurka. Wasu masu sha'awa daga Birtaniya da Amurka suka gano fanel ɗin Popeye da asalinsa Sky Skipper ne, suka warware sauye-sauyen da aka yi masa suka mayar da shi yadda yake. Saura zanen jikin akwatin, wanda babu inda za a same shi sai a wancan guda ɗayan. Kamfanin ya ba su dama suka je suka ɗauki hoton zanen dalla-dalla, suka gina akwati na biyu. A 2018 aka fitar da wasan a na'urar wasan Switch ta Nintendo, kuma daga fanel ɗin wancan akwatin na kamfani aka kwafo shi.

Wannan akwati na biyu ya kawo mu ga gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu harkar: ina iyakar gyara? Akwai masu kankare komai, su yi sabon fenti, su liƙa sabon zane da aka buga jiya, su sauya maɓallai da robar gefe, injin ya fito yana ƙyalli fiye da ranar da ya bar masana'anta. Akwai masu cewa a bar masa tabonsa: ƙunar sigari a gefen teburi inda 'yan wasa ke ajiye karansu, wurin da tafin hannu ya cinye fenti kusa da sanda, sunan da wani yaro ya karta da mabuɗi. Ni dai ina ganin layin a bayyane yake. Kafasita da batir da taransifoma kayan ƙarewa ne, a sauya su ba tare da jin nauyi ba, a zuba tsofaffin a leda a ajiye a gindin akwatin tare da takardar abin da aka yi. Zanen asali kuwa, ko ya koɗe, in an kankare shi ya tafi ke nan. Sabon bugu ana iya yin sa ko yaushe, don haka ba abin gaggawa ba ne. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai samun lafiyayyen akwati na asali ya farke cikinsa ya cusa kwamfuta mai wasa dubu, ya huda teburin ya jera maɓallai. Ɗan kasuwan 1991 yana da uzurin neman abinci. Wannan ba shi da shi.

Sai batun kunnawa. Duk sa'ar da injin ya yi a kunne tana rage kwanan tulunsa. Amma wanda aka rufe aka ajiye ma ba tsira ya yi ba, don kafasita na lalacewa ko ba a aiki da ita, batir na yoyo a ɓoye, ɓeraye na cin waya, kuma babu mai lura sai ranar da aka buɗe. Wuraren da suka fi tasiri sun zaɓi kunnawa da ajiye mai gyara a kusa. Gidan tarihin injinan da ke zauren wasan Funspot a jihar New Hampshire haka yake yi. Zauren wasan Galloping Ghost da ke Brookfield kusa da Chicago ya buɗe a 2010 da injina 130, daga baya suka haura 800. Ana biya a ƙofa a buga ko nawa ne, kuma a can ne ake samun wasu samfuran gwaji da ba su taɓa shiga kasuwa ba. Gidan tarihin The Strong da ke Rochester a jihar New York yana kunna wasu ga baƙi yana adana wasu, sannan a 2014 ya karɓi tarin takardun sashen injinan kwandala na Atari: zanen wayoyi, tsarin akwatuna, bayanan gwajin kasuwa. Ga mai gyara, takardar zanen wayoyi ɗaya takan fi injin na biyu amfani.

Abin da ke kayar da manyan tari galibi ba lantarki ba ne, fili ne da haya. Akwati ɗaya yana cin wurin firji babba, yana son ɗaki marar danshi, yana son mutum biyu da amalanke kafin ya motsa. Wani gidan tarihi a garin Banning na Kalifoniya ya tara injina sama da 1,700, na bidiyo da na ƙwallon ƙarfe. A 2021 ya rasa mazauninsa, ƙoƙarin komawa wani gari bai yiwu ba, aka yi gwanjonsu a watan Satumba na shekarar, kowane mai saye ya loda nasa ya kama hanya.